Awa Ɗaya da Kwata a Na'urar Alhaji Tijjani

Ku da kuke zuwa shagon nan kuna cewa gyaran kwamfuta ai ba wani abu ba ne, a kashe a kunna, in ta ƙi a goge a sake zuba mata, ku samu wuri ku zauna. Ni Sani, a Zaitawa aka haife ni, kuma na fara riƙe ƙarfen dalma tun ba a san wani abu wai shi intanet a cikin ganuwa ba. Abin da hannu yake yi a sana'ar nan kaɗan ne, a wata shida kun iya shi. Sanin inda za a sa hannun shi ne mai cin shekaru.

Aikin farko da aka ba ni a shagon maigidana, Malam Garba mai rediyo, a Yakasai, wata tsohuwar rediyo ce ta wani mahauci, wadda take magana da safe, in rana ta yi sai ta yi gum. Na kwance ta kaf, na baza kayan cikinta a kan tabarma, na kwana biyu ina aune-aune. Malam Garba ya bar ni ina ta fama. A rana ta uku ya aika aka kira mahaucin, ya tambaye shi inda yake ajiye ta. Ashe a jikin kwanon rumfarsa yake rataye ta. In rana ta take, zafi ya buɗa wata dalma da ta tsage, in gari ya yi sanyi ta koma ta haɗe. Ɗigon dalma ɗaya aikin yake nema. Shekara shida na yi a wurinsa, kuma kayan aikin da ya sallame ni da su har yau ga su nan: mita mai allura, sukuddireba uku, hantsaki, burushin fenti na kaɗe ƙura, da ƙarfen dalma irin wanda ake ɗorawa a kan risho in babu wuta. Ni na ƙara da littafi da fensir, da wata 'yar rediyo ta aljihu.

Da sojoji suka koma bariki, gari ya buɗe. Aka fara shigo da kwamfutoci na gwanjo, kafe, wato shagunan shiga intanet, suka yi ta tsirowa a bakin titi, kowane da dish a kan rufi. Na sayi matacciyar kwamfuta guda biyu na haɗa su suka zama ɗaya mai rai, da ita na koya. Abin da ya gagare ni na je wurin wani malamin lissafi da ke karantarwa a bayan gari, duk Asabar, har na iya hira da na'ura a baƙin allo, ba hoto ba linzami, rubutu zalla. Masu kawo mini aiki iri-iri ne: 'yan kasuwar da ke aika wasiƙa ƙasashen waje, ɗalibai masu buga kundin kammala karatu, masu kafe da in layi ya tsaya minti goma sai sun aiko mini mutum biyu. Abu ɗaya ya haɗa su duka. Ka tambayi kowa, “Me ka taɓa?” zai ce, “Wallahi ban taɓa komai ba.” Ba ƙarya yake yi ba. Shi a ganinsa abin da ya yi ba taɓawa ba ne.

Sai muguwar shekara ta zo. Da damina taransifomar layinmu ta yi bindiga da rana tsaka, kafin ta mutu ta turo wuta mai ƙarfi. Kwamfutoci huɗu na mutane suna kan teburina a jone, duk suka ƙone a gabana, ga hayaƙi ga warin roba. Na yi watanni ina bin 'yan gwanjo ina tsinto kayan gyara har na tayar da uku, ta huɗun ta tafi ke nan. Magana ta zaga cewa Sani yana ƙona kaya. Wuta kuma a shekarar sai ta kwana uku ba a gan ta ba, kafe suna ta rufewa. Akwai makon da tun daga Asabar har Juma'a ba abin da na gyara sai fitilar caji.

A cikin wannan hali ne Alhaji Tijjani ya aiko a kira ni gidansa a Madabo. Tsohon ɗan jarida ne. Zamanin soja an tsare shi har sau biyu saboda rubutu, kuma duk wanda ya san shi ya san amininsa Malam Lawan, mai aikin ɗab'i, wanda yake buga masa takardun da ba mai yarda ya buga. Da farar hula suka dawo, Malam Lawan ya karɓi aiki a wani ofishin gwamnati. Alhaji shi ya ce ba ya so, ya zauna a gida yana rubutunsa. Zumunci dai bai yanke ba, Malam Lawan yana zuwa bayan la'asar, har makullin ɗakin karatun Alhaji yana da nasa.

A ɗakin karatun, can kusa da zaure, na tarar da kwamfuta a ƙarƙashin tebur, da inbata mai ba ta wuta in an ɗauke, da batir biyu da suka gaji. 'Yarsa Hadiza, wadda ta karanci kwamfuta, ita ta haɗa masa kafin ta tafi ƙaro ilmi ƙasar waje. Ba kwamfutar rubutu ba ce, saba ce, wato wadda aikinta ta yi wa wasu kwamfutoci hidima. Bari in yi muku bayanin hidimar, don in ba ku gane ta ba ba za ku gane sauran ba.

Akwai wani tsari da aka haɗa domin mutanen da ake bin sawunsu. Saƙonka ba ya tafiya kai-tsaye, sai ya yada zango uku. An naɗe shi cikin ambulan uku, kowane zango ambulan ɗaya kawai yake iya buɗewa, ya ga sunan zango na gaba ya miƙa. Na farko ya san wanda ya aiko amma bai san inda za a kai ba. Na ƙarshe ya san inda za a kai amma bai san wanda ya aiko ba. Zangunan nan kwamfutocin 'yan sa-kai ne a ƙasashe daban-daban, kuma ta Alhaji zangon tsakiya ce. Ya ce da ni, “Injiniya, mu da faifan fulofi a cikin hula muka riƙa tsallakar da labari. Yanzu mun samu sarari, amma akwai ƙasashen da har yau suna inda muka fito. Wannan ita ce tawa gudummawar.”

To shi wannan tsari da lokaci yake aiki. Kowane zango yana da takardar shaida mai wa'adi, daga lokaci kaza zuwa lokaci kaza, kuma jerin sunayen zangunan ana sabunta shi a kai a kai. In agogonka ya yi baya, sai ka ga takardun kowa lokacinsu bai yi ba. In ya yi gaba, ka ga kamar suna shirin ƙarewa. Daga nan sai ayarin saƙonni ya daina biyowa ta kanka.

Alhaji ya rufe ƙofa, ya rage murya. “Ana shigar mini na'ura. Duba nan.”

Ya nuna mini log, wato littafin da na'ura take rubuta duk abin da ya same ta. Layi bayan layi gargaɗi ne iri ɗaya: agogonka bai yi daidai da namu ba, ka duba lokacinka da kwanan watanka.

Ga yadda ake bin irin wannan. Da farko ka duba masu ƙorafin. In zango ɗaya ne yake cewa agogonka ya ɓace, wataƙila nasa ne ya ɓace. Na duba, na ga ba ɗaya ba ne, kowa da ya gaisa da ita haka yake faɗa. Laifin namu ne ke nan. Na biyu, ka duba girman ɓatan. Na ga ba minti ba ne, shekaru ne, na'urar ta koma shekarar da aka ƙera ta. Na uku, ka duba yaushe yake faruwa. Duk lokacin da wuta ta daɗe ba ta zo ba, inbata ya mutu, aka sake kunnawa. Ban ƙara tambaya ba. Na kwance murfi, na kaɗe ƙura, na ciro ɗan batirin nan mai kama da sulai da ke jikin bod, wato allon cikin na'ura, wanda yake riƙe agogo in an kashe na'ura. Na ɗora masa mita, allura ko motsi ba ta yi ba.

“Ga ɓarawonka, Alhaji,” na ce, na ɗora masa a tafin hannu.

Ya juya shi, ya sake juyawa. “Wannan ɗan abin?”

Na sa sabo. Na jira kan awa, na kunna 'yar rediyona, da ƙarar nan ta tit-tit ta buga na saita agogo daidai. Hadiza ta bar na'urar a kan agogon GMT, wanda yake bayan namu da awa ɗaya, na bar ta a haka don haka masu saba suke yi. Gargaɗi ya ɗauke. Na lura shirin cikin na'urar da ya kamata ya riƙa tambayo lokaci daga waje ba ya samun amsa, na ce zan bi wannan daga baya. Na kuma ga waɗansu layuka a log ɗin da ke cewa agogon gaba ya yi, ba baya ba. Na ɗora su a kan batir na tattara kayana. Nan na yi kuskure, kuma ina faɗa muku da bakina: mataccen batir baya yake mai da agogo, ba ya kai shi gaba.

Bayan kwana uku Alhaji da kansa ya tako har shagon nan. Bai zauna ba.

“Ka ce batir ne. Batir sabo ne yanzu, wuta ba ta ɗauke har ta mutu ba, kuma gargaɗi ya dawo. To wa ya taɓa?”

Na ce, “Alhaji, ka taɓa wani abu?”

“Ban taɓa komai ba. Amma jiya Lawan ya shiga ɗakin tun la'asar, shi kaɗai, bai fito ba sai magariba.” Ya zaro makulli biyu daga aljihu ya nuna mini. “Na aika an karɓo nasa. Mutum ba ya cin tuwon gwamnati a banza, Injiniya. Na rubuta komai. Ranar Juma'a tsofaffin abokan aikinmu za su taru a gidana, a gabansu zan karanta.”

Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ban yi masa musu ba, don ba ni da abin musun tukuna. Na ce ya ba ni zuwa Alhamis. Ya ce ya ba ni.

A ranar na koma Madabo da littafina da fensir. Wannan karon ban buɗe murfi ba, karatu na zauna yi. Na bi log ɗin layi-layi ina kwafe lokuta. Sai na iso wani wuri: layi ɗaya yana cewa ƙarfe shida saura minti goma na safe, na ƙasansa kuma yana cewa bakwai da minti biyar. Ba a kashe na'ura ba, ba a kunna ba, lokaci ne kawai ya yi tsalle. Awa ɗaya da kwata cif. Kuma washegarin ranar da na yi gyara ne, kwana guda kafin Malam Lawan ya shiga ɗakin. Na koma baya, makonnin da batir yake a mace. Duk sanda agogo ya faɗa shekarun baya, da safe sai ya dawo, amma ba ya dawowa daidai, sai ya wuce da awa ɗaya da kwata. Kullum haka, kullum da safe.

Na'ura in ta lalace ba ta yin kuskure iri ɗaya har haka. Wannan hannun mutum ne, Alhaji ya yi gaskiya a nan. Awa ɗayan na gane ta, ita ce tsakanin Kano da GMT: wani yana duba agogon gida yana shigar wa na'urar da ke lissafi da agogon duniya. Kwatan ne ya tsaya mini. Ina cikin juya shi sai Alhaji ya leƙo, ya dubi tsintsiyar hannunsa ya ce, “Injiniya, tashi mu yi alwala, biyu ta yi.” Na dubi nawa agogon. Biyu saura kwata.

Da na ga dama da a nan na faɗa masa. Amma mutumin da ya riga ya rubuta takarda ba a fitar da shi daga zato da baki. Bayan mun dawo daga masallaci na sake saita na'urar da rediyo, na ce, “Alhaji, makullan nan biyu duk suna hannunka. Ka kulle da kanka, kada kowa ya shiga. Gobe kafin bakwai ina nan. Abin da ka saba yi da safe shi nake so ka yi a gabana, kada ka rage komai.”

Washegari na same shi a zaure ya gama karin kumallo. Ya buɗe ɗakin, ya yi bismilla, ya kunna sikirin. Yana dubawa ya buga tebur.

“Ka gani! An sake! Shida saura take nunawa, ga shi bakwai ta wuce!”

Ya ɗaga kibod ya zaro wata takarda da ta sha ninki, rubutun Hadiza ne, ta jera masa abin da zai yi in kaza ya faru. Ya sa tabarau, ya dubi agogon hannunsa, ya fara danna haruffa da yatsa ɗaya.

Na ce, “Tsaya, Alhaji. Me kake yi?”

“Gyara mata nake yi mana.”

“Kullum kana yi?”

“Duk ranar da na ga an ɓata. In ban gyara ba wa zai gyara?”

“Cire hannunka, don Allah, minti uku kawai.”

Na ajiye rediyo a kan tebur na kunna. Muka kasa kunne. Tit-tit ta buga, mai gabatarwa ya ce ƙarfe shida agogon GMT, bakwai ke nan a Najeriya da Nijar. A daidai lokacin sikirin ya juya ya nuna shida cif. Na ce ya dubi hannunsa. Bakwai da kwata.

Ya daɗe yana kallon abubuwan nan uku, rediyo, sikirin, agogo. Can ya ce, “Tun ina aikin jarida nake sa shi gaba da kwata, don kada in makara kai labari maɗaba'a. Duk agogon gidan nan haka suke. Na ma manta.”

Na karɓi takardar Hadiza na juya bayanta. Ga shi ta rubuta da jan biro: Baba, in za ka saita, da agogon GMT za ka yi, ba na gida ba. Bai taɓa juya ta ba. Na buɗe littafina na nuna masa ranaku da lokuta, na nuna masa tsallen da aka yi tun kafin Malam Lawan ya zo. Ɗan jarida ne, ya san hujja in ya gan ta. Ya bi lambobin da yatsa har ƙasa, ya koma sama ya sake bi.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” ya ce. “Ashe ni ne.”

Sauran aikin nawa ne, kuma shi ne wanda ya kamata in gama tun zuwan farko. Na sa na'urar ta riƙa nuna masa lokacin Kano a sikirin, a cikinta kuma ta ci gaba da lissafi da agogon duniya, don kada idonsa ya sake ganin abin da zai sa hannunsa ƙaiƙayi. Na gano masu ba shi layin intanet sun toshe ƙofar da ake tambayo lokaci ta cikinta. Na yi sawu huɗu zuwa ofishinsu kafin in samu wanda ya gane abin da nake nufi ya buɗe. Daga ranar na'urar da kanta take daidaita agogonta, gargaɗin bai sake fitowa ba, ayari ya dawo yana bi ta Madabo. Alhaji kuwa duk wanda ya yi masa zancen kwamfuta sai ya turo shi wurina, da haka maganar ƙona kaya ta mutu.

Amma a ranar, kafin duk wannan, bayan la'asar ya ce in raka shi Yakasai, gidan Malam Lawan. Na ce wannan ba aikina ba ne. Ya ce, “A gabanka na zarge shi, a gabanka zan wanke shi.”

Muka tarar da Malam Lawan a ƙofar gida a kan tabarma, ya dawo daga ofis ko hula bai sake ba. Aka gaisa kamar ba komai. Alhaji ya ƙi hawa tabarmar, ya tsuguna a gefe, ya zaro takardar da ya shirya karantawa ranar Juma'a ya miƙa masa.

“Karanta. Abin da na yi niyyar faɗa a kanka ke nan. Ga Injiniya, ya nuna mini da hannuna nake ɓata abina. Ka yafe mini.”

Malam Lawan ya karanta tun daga sama har ƙasa, bai yi sauri ba. Ya ninke ta ya mayar masa.

“Rubutun ya yi kyau, hannunka bai mutu ba,” ya ce. “Ni abar nan ko kunna ta ban iya ba. Fankar ɗakin nake bi, nan unguwar kwananmu tara ba wuta.” Ya dubi Alhaji. “Tijjani, lokacin da aka zo aka juye mini maɗaba'a ana tambayata inda kake, ban faɗa ba. Sai yanzu da ba mai tambaya?”

Alhaji bai ɗago ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin ya ajiye a bakin tabarma.

Malam Lawan ya dube shi, ya tura masa abinsa da ɗan yatsa.

“Na yafe, duniya da lahira. Amma wannan bar shi a wurinka. In na zo, ka taso ka buɗe mini da hannunka.”

Haka kuwa aka yi. Shekarun da na yi ina zuwa duba na'urar nan, sau da yawa la'asar takan same ni a can. Sai in ji sallamar Malam Lawan daga zaure, in ga Alhaji ya ajiye biro, ya dafa gwiwa ya miƙe, ko da kuwa ƙofar a buɗe take.